Mota Ke Zaɓar Sarƙa, Ƙasa Ke Zaɓar Takalmi

   

Yau a shirinmu na faɗakarwa kan sana'o'i da kayan aiki, da masu manyan ƙarafa muke. Za mu yi magana a kan motar haƙa, wadda aka fi sani da eskabeta. Motar nan mai dogon hannu da bokiti, wadda ke haƙa magudanar ruwa, ta yashe madatsa, ta loda yashi a tifa. Ƙafarta za mu duba yau, wato sarƙar ƙarfen da take tafiya a kai, wadda makanikai ke kira tirak.

Tambayarmu ɗaya ce. Idan sarƙa ta cinye, lokacin canji ya yi, yaya ake zaɓar wadda ta dace?

Mai mota, da kai nake. Ɗan kwangila mai ɗaukar haya, da kai nake. Direba, bakanike, mai shagon kayan gyara a Ƙofar Ruwa ko a Panteka, yaro mai koyon aiki, duk ku matso kusa da rediyo. Wanda ke da biro da takarda ya ɗauko, domin akwai 'yan alƙaluma a gaba.

Maganar ba ƙarama ba ce. Kamfanonin da ke ƙera waɗannan motoci da kansu suna cewa kayan ƙafa kan lashe kusan rabin kuɗin gyaran motar da ke tafiya a kan sarƙa. Kusan rabi. Saboda haka kuskuren awo a nan, asara ce mai nauyi.

Ga jimla ɗaya da nake so ku riƙe har ƙarshen shirin. Mota ce ke zaɓar sarƙa, ƙasa ce ke zaɓar takalmi. Zan sake. Mota ce ke zaɓar sarƙa, ƙasa ce ke zaɓar takalmi. Na kasa shirin kashi biyar, kuma duk kashin biyar bayanin wannan jimla ne.

Kashi na farko: mu san sassan ƙafar.

Ka tsaya a gefen motar ka duba. Abin da idonka zai fara gani shi ne farantan ƙarfe a jere, waɗanda ke taka ƙasa. Kowane ɗaya sunansa takalmi. Takalmi shi ne ke taɓa ƙasa.

Leƙa bayan takalman. Za ka ga ainihin sarƙar, gaɓa bayan gaɓa. Kowace gaɓa tana ɗauke da takalmi ɗaya, an ɗaure shi da noti huɗu. Abin da ke haɗa gaɓa da 'yar'uwarta sandar ƙarfe ce da ake kira fin. Fin ɗin yana cikin wani bututun ƙarfe da ake kira bushin. A nan sarƙa ke lanƙwasawa, a nan kuma take fara cinyewa daga ciki, inda ido ba ya gani.

A bayan ƙafar akwai faifai mai haƙora. Makanikai suna kiransa sifiroket. Shi ne ke kama bushin yana jan sarƙa, mota ta yi gaba ko baya. A gaban ƙafar akwai wani faifan marar haƙora, sunansa aidila. Shi ke riƙe sarƙa a kan hanya, shi kuma ake turawa gaba idan za a ɗaure ta. Tsakaninsu akwai rololi. Na ƙasa suna ɗaukar nauyin motar. Na sama suna tallafe sarƙa kada ta zubo.

To kun ji su: takalmi, gaɓa, fin da bushin, sifiroket, aidila, rola. Duk a ma'auni ɗaya aka ƙera su. Ɗaya ya saɓa, sauran ne za su biya.

Kashi na biyu: awon da mota ke yankewa. A nan ba ka da zaɓi. Abu uku ne.

Na ɗaya, tazarar gaɓa. Makanikai suna cewa fich. Ita ce nisan da ke tsakanin tsakiyar fin ɗaya da tsakiyar na kusa da shi. Wannan shi ne uban awo. Haƙoran sifiroket an yanka su ne daidai da wannan tazara. Idan tazarar sarƙa ta fi ta sifiroket, ko ta gaza, bushin ba zai zauna a gurbinsa ba. Sai ya riƙa hawa kan haƙori. Sai ka ji ƙara, ƙas-ƙas-ƙas. Haƙora su suɗe, bushin ya tsage, wata rana sarƙa ta goce a tsakiyar aiki.

Tazarar tana tafiya ne da girman mota. Ƙananan motoci masu nauyin tan 3 zuwa 4 galibi suna da milimita 101.6. Masu tan 5 zuwa 6, milimita 135. Masu tan 12, milimita 171 ko 175, gwargwadon kamfani. Masu tan 20, waɗanda suka fi yawa a wuraren aikinmu, irin su Komatsu PC200 da Caterpillar 320, milimita 190. Idan aka haura zuwa tan 25 da tan 30 da ɗoriya, sai ka ji 203 ko 216. Wannan kwatance ne kawai don kunnenka ya saba. Hukunci yana wurin littafin motarka da tef ɗin awonka.

Yaya ake aunawa? Kada ka auna gaɓa ɗaya tak. Kuskuren milimita 2 ko 3 ya isa ya ɓatar da kai. Ka sa direba ya miƙar da sarƙar ta sama ta yi tsam. Sannan a kashe inji. Ka auna gaɓa huɗu a jere, wato daga fin na ɗaya zuwa fin na biyar. Abin da ka samu ka raba huɗu. A sabuwar sarƙa mai tazarar 190, gaɓa huɗu za su ba ka kimanin milimita 760. Idan ka samu fiye da haka da 'yan milimita, kada ka ce ka gano wata sabuwar lamba. Tsohuwar sarƙa ce ta saki, saboda fin da bushin sun ci juna. Lambar asali ita za ka nema a kasuwa.

Na biyu, yawan gaɓoɓi. A nan mutane da yawa ke faɗawa rami. Ku saurari wannan hira, wadda irinta ake yi kullum a waya.

"Alhaji, ina neman sarƙar PC200."

"Akwai, ranka ya daɗe. Gaɓa nawa?"

"Kai dai ka ba ni ta PC200."

To a nan matsala ta fara. PC200 iri biyu ce. Akwai mai gajeren gindi, akwai mai dogo. Mai gajere tana ɗaukar gaɓa 45 a kowane gefe. Mai dogo, wadda za ka ga an rubuta LC a jikinta, tana ɗaukar 49. Haka ma Caterpillar 320: 45 ga mai gajere, 49 ga mai harafin L. Gaɓa huɗu ne bambancin, wato sama da santimita 75. Babu ɗaurin da zai cike wannan giɓi.

Saboda haka ka ƙirga. Ka sa alli ko fenti a takalmi ɗaya, ka bi su ɗaya bayan ɗaya har ka dawo kan alamarka. Yawan takalma shi ne yawan gaɓoɓi. Ka ƙirga gefen dama, ka ƙirga gefen hagu.

Amma ga gargaɗi. Yawancin motocinmu na hannu ne, sun yi aiki a wata ƙasa kafin a sauke su a Apapa ko Kwatano, wasu kuma sun ratsa hannun mutum uku a nan gida. Idan sarƙa ta saki har ɗauri ya ƙare, wasu kan cire gaɓa ɗaya don a lallaɓa. Kai kuma ka zo ka ƙirga 48, ka je ka sayo 48, alhali ta asali 49 ce. Sabuwar sarƙa ba ta saki ba tukuna, sai ka ga ta ƙi haɗuwa. Don haka ƙirge kaɗai bai isa ba. Ka haɗa shi da lambar motar. Akwai ɗan allon ƙarfe a jikin kowace mota, mai ɗauke da samfurinta da lambarta. Ka goge shi, ka ɗauki hotonsa da waya, ka tura wa mai kaya. Matambayi ba ya ɓata.

Na uku, ramukan noti da jikin gaɓa. Sarƙa biyu za su iya yin tazara ɗaya, amma ramukan notinsu su bambanta. Komatsu da Caterpillar masu tan 20 duk 190 ne, amma tsarin ramukan takalminsu ba ɗaya ba ne. Idan sarƙa kaɗai za ka saya ka mayar da tsofaffin takalmanka, dole ramuka su hau kan juna. Ka auna nisan ramukan a tsaye da a kwance, ka auna kaurin notin. Mafi sauƙi ma, ka kwance takalmi ɗaya ka tafi da shi kasuwa, a ɗora a gabanka. Haka kuma faɗin gaɓa da tsayinta dole su dace da bakin rola da na aidila, domin a kan gaɓar suke gudu.

Mu maimaita. Tazarar gaɓa. Yawan gaɓoɓi. Ramukan noti da jikin gaɓa. Waɗannan uku, mota ce ta yanke su tun ranar da aka ƙera ta. Naka shi ne ka auna, ka rubuta, ka bi.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda ake zaɓar sarƙar ƙarfe ta motar haƙa. Yanzu za mu shiga kashi na uku, kuma shi ne zuciyar shirin: faɗin takalmi. A nan ne kake da zaɓi. A nan ne kuma aka fi yin kuskure.

Motar tan 20 galibi ana yi mata takalmi iri uku: milimita 600, da 700, da 800. Masu awo da inci za su ce kusan 24, da 28, da 32. Mutum ya shiga shago ya ga ukun, zuciyarsa takan karkata ga mai faɗi. Ya fi cika ido. Ya fi tsada. Sai ya ɗauka ya fi ƙarfi. Ba haka abin yake ba.

Bari mu fara da amfanin faɗi. Ku dubi raƙumi da jaki a cikin rairayi. Raƙumi ya ninka jaki nauyi, amma tafinsa mai faɗi ne, yana baza nauyin a kan yashi, sai ya wuce abinsa. Jaki kuwa kofatonsa tsukakke ne, sai ya riƙa lumewa. Aikin faɗin takalmi ke nan: baza nauyi.

Dalilin ƙirƙiro sarƙar ma ke nan. A jihar Kalifoniya ta Amurka, wani maƙerin injunan noma mai suna Benjamin Holt ya yi ta fama da taraktoci masu nauyi da ke nutsewa a ƙasa mai taushi ta yankin Stockton. Ya yi ta ƙara wa ƙafafunsu faɗi, abin bai yi ba. A shekarar 1904 ya cire ƙafafun baya ya sa sarƙa mai takalman katako, tarakta ta bi ta kan ƙasar ba ta kafe ba. Kamfaninsa ne ya haɗe da wani a 1925 aka sami Caterpillar.

Yanzu mu yi ɗan lissafi, mai sauƙi ne. Motar tan 20 mai gajeren gindi, tsawon sarƙar da ke kwance a ƙasa ya kai kusan mita 3.3 a kowane gefe. Da takalmin santimita 60, ƙafa biyun suna taka fili kusan murabba'in mita 4. Raba tan 20 gida huɗu. Kowane murabba'in mita yana ɗaukar tan 5. Yanzu sa mata takalmin santimita 80. Filin ya haura murabba'in mita 5. Nauyin da ke kan kowane murabba'i ya sauko ƙasa da tan 4. An rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A cikin fadama, wannan ragi shi ne bambancin motar da ke aiki da motar da ake neman wata ta zo ta jawo ta.

To idan haka ne, me ya sa ba za a sa mai faɗi a ko'ina ba? Ku saurara da kyau.

Sarƙar da ke ƙarƙashin takalmi faɗinta ba ya canzawa. Ko 600 ka sa, ko 800, gaɓar ɗaya ce, notin huɗu ne, fin ɗin ɗaya ne. Abin da ke ƙaruwa shi ne fiffiken takalmi, wato ɓangaren da ya zarce sarƙa ta dama da ta hagu, wanda babu abin da ke tallafe shi. Daga 600 zuwa 800, kowane fiffike ya ƙaru da santimita 10.

A cikin laka babu damuwa, domin laka tana karɓar takalmin gaba ɗaya. Amma a kan dutse fa? Bakin fiffike ya hau kan ƙwallon dutse ɗaya. Nauyin mota ya danno a tsakiya. Takalmin ya zama abin ɓanɓara. Gwargwadon tsawon fiffike, gwargwadon ƙarfin murɗar. Ina murɗar take zuwa? Tana zuwa kan noti, noti ya saki. Tana zuwa kan takalmi, ya lanƙwashe ko ya tsage. Tana zuwa kan gaɓa, tana zuwa kan fin da bushin. Tana buɗe robar da ke tsare giris a cikin mahaɗar, giris ya fita, ƙura ta shiga. Daga nan sarƙa ta fara cin kanta.

Ba shi ke nan ba. Takalmi mai faɗi yana wahalar da mota wajen juyawa, domin ƙasar da zai goga ta fi yawa. Yana ƙara wa motar nauyin ɗaruruwan kilo. Yana kuma ƙara mata faɗi a kan hanya. PC200 mai gajeren gindi, da takalmin 600, faɗinta mita 2.8 ne. Da na 800, mita 3 cif. Mai dogon gindi ta fi haka. Ranar da za a ɗora ta a kan tirelar ɗaukar katafila, ko a shige da ita wani lungu, za ka san santimita 20 ba wasa ba ne.

Saboda haka ƙa'idar da masu ƙera motocin suka bayar ita ce: ka zaɓi takalmi mafi ƙarancin faɗi wanda zai hana motarka nutsewa. Zan sake, a hankali. Mafi ƙarancin faɗi, wanda zai hana motarka nutsewa. Faɗin da ya wuce buƙata, kuɗi ne ka biya don ka gajarta ran sarƙarka.

Kashi na huɗu: mu zagaya ƙasarmu, mu ga abin da kowace ƙasa ke nema.

Mu fara da wuraren fasa dutse, irin na Mpape a Abuja, da tsaunukan Filato, da duk inda ake haƙar ma'adinai a cikin duwatsu. Nan wurin takalmin 600 ne. Idan ma an sami mai kauri na musamman da aka yi don dutse, ya fi. Wanda ya shigar da takalmin 800 wurin fasa dutse, ya shirya sayen noti kowane mako.

Mu zo kan jar ƙasa da marmara, inda ake ɗibar burji, da aikin hanya, da haƙa harsashin gini a Kano ko Kaduna ko Maraɗi. Ƙasa ce mai tauri, musamman da rani. Takalmin 600 ya wadatar. Idan motar tana aiki rani da damina, yau a tudu gobe a kwari, to 700 shi ne tsaka-tsaki.

Mu gangara fadama. Gonakin shinkafa na Kadawa, magudanan ruwan Bakolori, bakin kogin Haɗeja, da baƙar ƙasar firgi ta gabashin Borno, wadda ke tsagewa da rani ta zama ƙullu da damina. Nan ne takalmin 800 ke biyan kuɗinsa. Haka ma rairayi mai zurfi na arewacin Yobe da Damagaram, faɗi yana taimakawa wajen hana lumewa. Sai dai a sani, yashi yana cin ƙarfe ƙwarai, musamman idan ya jiƙe. Mai aiki a yashi ya riƙa auna sarƙarsa a kai a kai.

Akwai kuma wurin da babu takalmin da zai cece ka. Dausayi na gaske, inda kachalla ta cika ruwa, mutum ma idan ya taka sai ya nutse har ƙugu. Wannan aikin wata mota ne dabam, mai manyan tankunan ƙarfe a ƙafa da ke sa ta yi iyo. Kada ka tura motar tudu can don kawai ka sa mata 800.

To idan motarka tana yawo fa, wata uku a fadama, wata tara a tudu? Ka zaɓa wa inda ta fi daɗewa. Watanni ukun fadama, a shimfiɗa mata katakai ko faifan ƙarfe ta hau. Wanda ke da hali, ya ajiye takalma kashi biyu, ya riƙa canzawa da yanayi.

Ku lura da wani abu game da motocin hannu. Takalmin da mota ta zo da shi, ƙasar da ta baro aka zaɓa wa, ba taka ba. Da yawa daga waɗanda suka fito Amurka da 800 suke zuwa. Da yawa daga na Japan da 600. Don ka same shi a jikinta, ba hujja ba ce cewa shi ya dace da aikinka.

Bayan faɗi, akwai siffar takalmi. Dubi fuskarsa ta waje, za ka ga layukan ƙarfe masu tudu waɗanda ke cizon ƙasa. Mai tudu uku shi ne na yau da kullum a motar haƙa. Yana juyawa da sauƙi, ba ya yaga ƙasa sosai, kuma tudun uku suna ƙara masa ƙarfi kada ya lanƙwashe. Mai tudu biyu ya fi cizo, ana sa shi a manyan motoci da wuraren hawa da gangara. Mai tudu ɗaya dogo, wannan na katafilar tura ƙasa ne, wadda aikinta ja da turi. Motar haƙa a tsaye take yin aikinta, ba ta buƙatar irin wannan cizo.

Idan kuma aikin a cikin gari ne, a kan kwalta ko daɓen siminti, akwai robobi masu kauri da ake ɗaurawa a kan takalmin ƙarfe. Su ma da awonsu: faɗinsu da tazararsu dole su yi daidai da takalminka. Titin da aka zuba da kuɗin jama'a, bai kamata a bar mota ta tattake shi ba.

Mai ƙaramar mota da ke son sauya sarƙar roba zuwa ta ƙarfe, kai ma ka tsaya ka tambaya. Ba kowace mota ce sifiroket ɗinta da rololinta ke karɓar duka biyun ba.

Kashi na biyar, kuma na ƙarshe: ranar saye da ranar ɗaurawa.

Kafin ka bar gida, ka tabbata takardarka tana ɗauke da abu shida. Samfurin mota da lambarta. Tazarar gaɓa. Yawan gaɓoɓi. Awon ramukan noti. Faɗin takalmi. Yawan tudunsa. Ka tafi da bakanikenka, ka tafi da tef ɗinka. Ko mai kaya ya rantse, ka auna. Ba rashin yarda ba ne, shi ma wani ne ya aiko masa.

Idan ta hannu za ka saya, ka auna gaɓa huɗun nan a gabansa. Ka shafa bushin ka ji ko ya faɗa ta gefe ɗaya. Ka dubi tsayin gaɓa. Sabon fenti ba ya mayar da ƙarfen da ya tafi. Araha ba ta ado.

Kada ka sa sabuwar sarƙa a kan tsohon sifiroket mai haƙora masu tsini. Tsohon haƙori ya riga ya saba da sarƙar da ta saki. Zai cinye maka sabon bushin da wuri. Kuɗin sifiroket kaɗan ne a kan kuɗin sarƙa. A canza su tare.

Kada ka sa 600 a dama, 800 a hagu. Kada ka gauraya faɗi biyu a ƙafa ɗaya. Gefe biyun su zama iri ɗaya.

Wajen ɗaura takalmi, a kankare fenti da tsatsa a inda zai zauna kan gaɓa, ƙarfe ya taɓa ƙarfe. A sa sabbin noti. A ɗaure su da ƙarfin da littafin motar ya faɗa. Bayan kwanakin farko na aiki, a sake bin su ɗaya bayan ɗaya. Notin da ya saki, ɗauri yake so ko canji. Walda ba maganinsa ba ce.

Sai ɗaurin sarƙar kanta. Ko awonka ya yi daidai ɗari bisa ɗari, ɗaurin da ya wuce kima zai kashe ta. Sarƙa tana buƙatar ɗan lanƙwasa. A PC200, misali, idan aka ɗora miƙaƙƙen katako daga aidila zuwa rolar sama ta farko, ratar da ke tsakiya ta kasance milimita 10 zuwa 30. Wasu kamfanonin ɗaga ƙafar ake yi a auna ta ƙasa. Kowa ya bi littafin motarsa. A auna ta a wurin aiki, domin laka da yashi idan sun cusa cikin haƙoran sifiroket, suna ƙara mata ɗauri.

A nan zan yi kira na musamman ga makanikai da yaransu. Giris ɗin da ke tura aidila yana cikin matsi mai tsanani. Idan za ka sassauta sarƙa, ka kwance bawul ɗin a hankali, zagaye ɗaya ya isa. Kada ka cire shi gaba ɗaya. Kada ka sa fuskarka saitinsa. Yana iya fitowa da ƙarfin da zai hallaka mutum. Babban sifirin ɗin da ke bayan aidila kuma, ba a kwance shi a bakin hanya. Maigida, ka koya wa yaronka wannan tun ranar farko.

Direba, ran sarƙa a hannunka yake. Idan za ka yi tafiya, aidila a gaba, sifiroket a baya. Ka rage tafiya da baya. Ka daina juya mota a wuri ɗaya kan dutse. Motar haƙa ba ta wuce kilomita 5 zuwa 6 a awa, ba don doguwar tafiya aka yi ta ba. Idan wurin da nisa, a kira tirela. Da yamma kuma, kafin laka ta bushe, a sa shebur a fitar da ita daga tsakanin rololi.

Masu sauraro, lokaci ya ja. Mu tattara abin da muka ji. Mota ce ke zaɓar sarƙa: tazarar gaɓa, yawan gaɓoɓi, ramukan noti, duk nata ne, kai dai ka auna ka bi. Ƙasa ce ke zaɓar takalmi: 600 a dutse da ƙasa mai tauri, 700 a aikin da ya gauraya, 800 a fadama da rairayi. Kuma ko yaushe, mafi ƙarancin faɗin da zai hana nutsewa.

Kirana gare ku shi ne, kada ku jira sai sarƙa ta tsinke a tsakiyar kwangila. Gobe da safe, kafin a tayar da inji, ku ɗauki tef da alli ku auna, ku rubuta, ku ajiye takardar a cikin motar. Wanda ya ji kuma ya sanar da abokin aikinsa da bai ji ba.

A nan za mu dakata. Allah ya tsare mu a wuraren aikinmu, ya sa albarka a sana'o'inmu.